Abin da Tattarau Ya Koya wa Tasi'u

"Saki," in ji Tasi'u.

Injin cilla faifai ya yi ƙara daga ƙarƙashin dandamali. Faifan yumɓu mai ruwan goro ya fita a guje, ya karkata hagu, kafin ya yi nisa ya tarwatse ya zama gari. A bayan kunnen Tasi'u wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar gyaɗa ta yi haske kore, ta ɗauke.

Filin harbin yana kan rufin Benen Wasanni na birnin Tudun Rana, can sama da layin da jiragen haya marasa matuƙi suke bi. A wannan wasa ana cilla wa mutum faifai ashirin da biyar, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hanyarsa, wanda ya fi fasa su shi ne gwani. Tasi'u ya shekara da shekaru yana atisaye har kafaɗarsa ta yi kanta, amma kullum a faifan ƙarshe-ƙarshe hankalinsa yake watsewa. Sai ya tuna mutane na kallonsa, hannu ya yi rawa, faifai ya wuce lafiya lau.

Yayarsa, Injiniya Barira, ita ta ƙera masa magani. Ta sa wa na'urar suna Tattarau. Aikinta shi ne sauraron lantarkin da ke gudana a ƙwaƙwalwa. Duk lokacin da maharbi ya dace da faifai, sai ta adana yanayin da zuciyarsa take ciki, idan ya sake ɗaga bindiga ta tura shi cikin wannan yanayi da 'yar girgiza wadda ba ya ma jin ta. Barira ba ta gaya mata wane yanayi za ta nema ba. Ta bar ta ta koya da kanta.

Ranar nan Tasi'u ya fasa duka ashirin da biyar. Mudassir, amininsa tun suna yara kuma abokin atisayensa, ya taho yana murmushi ya miƙa masa hannu.

"Yau kam ka gama da mu, mutumina."

Tasi'u ya dubi hannun, bai karɓa ba.

"Ka daina dariyar ke nan?"

"Wace dariya?"

"Wadda ka yi ranar da na kuskure faifai huɗu a jere. Ka ɗauka ban ji ba."

"Haba Tasi'u. Abin da ya wuce tun kafin azumi? Kai ma fa ka yi dariyar."

"Matsa mini."

Barira tana kallonsu ta gilashin ɗakin lura. Ta ɗauka zafin gasa ne, domin gasar ƙasa ta matso. Amma abin bai tsaya nan ba. Tasi'u ya daina amsa sallamar Mudassir. Ya nemi a raba musu lokacin atisaye, da aka raba kuma sai ya riƙa zuwa a lokacin Mudassir, ya tsaya yana kallonsa kafin ya shiga nasa layin. Wata rana da hantsi, a wurin ajiye bindigogi, Mudassir ya dafa kafaɗarsa yana neman sulhu. Tasi'u ya hankaɗe shi, ya rufe ƙofar ƙarfe a kan hannunsa. Yatsu biyu suka karye. Mudassir ya ce wa hukuma tsautsayi ne, ya janye daga gasa, ya koma wurin iyayensa.

A ranar Barira ta buɗe taswirar ƙwaƙwalwar ƙanenta. Ta yi tsammanin ganin natsuwa irin ta mai dogon numfashi. Abin da ta gani daban ne. Kafin kowane harbi, sashen da ke ajiye ɓacin rai ne yake kamawa da wuta. Tattarau ya gwada hanyoyi da yawa, ya gano cewa babu abin da ke tsayar da hankalin Tasi'u wuri ɗaya kamar jin haushin wani. Mai fushi ba ya tuna 'yan kallo. Saboda haka na'urar ta tono wata 'yar dariya da ba ta kai ta kawo ba, ta riƙa hura ta a kowane faifai.

Ta same shi yana goge bindiga.

"Tasi'u, cire abin nan ka ba ni."

"Saboda me?"

"Akwai kuskure a cikinsa. Ba natsuwa yake ba ka ba, ƙiyayya yake ɗura maka. Shi ya sa ka yi wa Mudassir abin da ka yi."

"Ina fasa faifai ko ba na fasawa?"

"Ka karya hannun amininka."

"Yaya, ina fasawa ko ba na fasawa?"

Ta miƙa hannu wajen kunnensa. Ya riƙe wuyan hannunta, riƙon da bai taɓa yi mata ba.

"Kada ki kuskura. Ke dama haka kike. Ki fara abu, idan ya yi nauyi ki janye. Da Inna take kwance, wa ya zauna da ita? Kina can kina karatu, ni nake juya ta a kan gado. Yanzu na samu abu ɗaya da na iya a duniya, kin zo ki karɓe."

"Kai ka ce in tafi. Har tashar jirgi ka raka ni."

"Sai kika tafi kuwa."

Ta kai maganar gaban shugaban hukumar wasanni, Alhaji Sambo Garko. Ya saurare ta yana duba sakamakon Tasi'u a jikin bango.

"Injiniya, birnin nan bai taɓa ɗaukar kofin ƙasa ba. Ki bari a gama gasa, sai mu zauna. 'Yan wasa ai sun saba faɗa."

Kafin la'asar labari ya kai wa Tasi'u cewa yayarsa ta kai ƙararsa. Washegari ya fasa faifai hamsin babu kuskure, kuma kafin kowane ɗaya sai ya waiwayo ya dubi gilashin ɗakin lura, inda Barira take zaune. Mudassir ya tafi, Tattarau ya samu wadda za ta maye gurbinsa.

Ranar gasa rufin ya cika maƙil. Ƙananan kyamarori masu tashi suna shawagi a kan maharba shida. Barira na zaune a ɗakin lura, allon Tattarau a gabanta. Akwai hanyar kashe na'urar daga nesa, ita kaɗai ta san da ita. Ta san idan ta kashe, hannun Tasi'u zai iya rawa a gaban duk ƙasar, kuma ba zai yafe mata ba. Ta ga gara ya faɗi gasa ta samu ƙanenta.

Ya waiwayo, ya dube ta, ya juya.

"Saki."

Faifai ya zama gari. Haka na biyu, haka na uku. A na goma ta danna maɓallin kashewa. Layukan allon suka kwanta, hasken bayan kunnensa ya ɗauke bai dawo ba.

Ta miƙe tsaye tana jiran kuskuren.

Tasi'u ya gyara tsayuwa, ya sa harsashi. Ya waiwayo ya dube ta, irin kallon ɗazu, babu abin da ya ragu a cikinsa.

"Saki."

Ya fasa. Ya fasa na gaba. Iska ta taso ta kaɗa wani faifai ƙasa, ya bi shi ya fasa. A nan ta gane abin da ba ta lissafa ba. Watanni ya yi yana maimaita abu ɗaya sau dubbai, kuma abin da aka maimaita haka ba ya zama a cikin na'ura. Ya koma cikin mutum.

Da faifai na ƙarshe ya tarwatse, rufin ya ɗauki sowa. Alhaji Sambo ya shigo ɗakin lura fuskarsa a washe.

"Kin gani ko? Yanzu na gama magana da mutanen ma'aikatar ilimi. Suna so a gwada Tattarau a kan ɗalibai masu shirin jarrabawa. Makarantu goma za a fara da su."

"Ranka ya daɗe, a kashe yake tun faifai na goma."

"To ai ya fi kyau. Ashe ba sai yaro ya daɗe da shi a kunne ba."

Ta fito tana neman hanya cikin jama'a. A bakin matakala suka haɗu da Tasi'u, kofi a hannunsa, 'yan jarida na biye da shi. Ya tsaya. Ya sa yatsa ya ɓamɓare na'urar daga bayan kunnensa, ya kamo hannunta ya ajiye mata a tafi.

"Na ji lokacin da kika kashe," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Riƙe kayanki. Gasar Afirka na nan tafe. Abin da nake so kawai, ki zo ki zauna inda zan riƙa ganin ki."