Ƙudan Zuman Bayan Bango

Daren da Mai Faci ya tare a sabon ɗakin hayarsa, ya ji wani abu a bayan bango. Ba kuka ba ne, ba kuma waƙa ba. Kamar an rufe ƙudan zuma a kwalba: ya yi ƙugi ya yi ƙugi, sai a ji tsuuu, sai ya ɗora. Ya ɗaga katifa, ya haska silin da tocila, bai ga komai ba.

Da safe ya tambayi Gwaggo, tsohuwar da ɗakinta ke kallon nasa. Tambayar ta ɗauke shi lokaci, domin yana da in'ina mai tsanani. Kalma takan maƙale masa a wuya kamar ƙayar kifi.

Gwaggo ta yi dariya har da tari. "Ga zumarka can tana shanya. Autar mai gidan nan ce, guga take yi. Duk rigar da ta ɗora wa dutse sai ta yi wa mai ita addu'a. Ni zanena ya sha albarka har ya ƙoshi, bai kuma fasa yagewa ba."

Ya juya. Yarinyar ta leƙo ta tsakanin zannuwan gado biyu, ta gaishe shi. Ya buɗe baki, amsa ta ƙi fitowa. Ba ta yi dariya ba, ba ta ƙarasa masa ba. Ta tsaya da jiƙaƙƙen tawul a hannu har kalmar ta iso. Ba a taɓa jiransa haka ba.

Daga ranar Mai Faci ya raɗa mata suna Zuma, ya kuma zama mai yawan guga. Rigunansa ba su da yawa, sai ya riƙa cukuikuye wankakku da hannunsa yana kai mata. A saƙon waya kuwa, tunda rubutu ne, bakinsa garau yake.

"Zumata, yau na ji kin yi wa wandon direba addu'a har da birkin motarsa."

"Sarkin Shiru, ashe laɓe kake mini? Zan sa Baba ya ƙara wa bangon nan kauri."

Baban nata dattijon coci ne, kuma yana da ƙa'ida guda. Duk mai neman 'yarsa sai ya tsaya a falo ya ja iyali addu'ar yamma da babbar murya. Mazan yayyenta duk ta nan suka bi. Ga kuma Mai Jita, shugaban mawaƙan coci, shi ma yana kawo riguna. In ya fara addu'a, sai abinci ya huce kafin ya kai rabi, mata na share hawaye.

Wata yamma Mai Faci ya ji ta bango tana guge rigar Mai Jita. Ta daɗe a kanta, tana kiran sunansa tana roƙo. Da ta ɗauko tasa rigar, wadda ya gane da ƙarar maɓallanta na ƙarfe, sai ƙugin ya ɗauke. Dutse kawai ke tafiya. Ya zauna a bakin katifa har duhu ya rufe shi. Bai sake kai guga ba.

Ita ta biyo shi rumfarsa ta gyaran keke, ta same shi cikin tsofaffin tayoyi.

"Me na yi maka?"

Da ƙyar ya haɗa maganar. Ta zauna a kan benci, ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ya ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

"Kai dai ba ka da wayo. Wanda ya fi ba ni haushi, shi na fi daɗewa a rigarsa, don kada in tsane shi. Taka kuwa in na ɗauko, maganar ce ke gudu ta bar ni. Sai in riƙe ta kawai in ce, Ubangiji, ka sani."

Ya nuna bakinsa, ya nuna hanyar gidansu. Ta gane.

"Ban san yadda za mu yi da Baba ba," ta ce. "Amma addu'a ba sai a tsaye ba, ba sai an rufe ido ba. Ga tsinkayen ƙafar keke a gabanka. Duk wanda ka ɗaure, ka ambaci mutum ɗaya."

Ya gwada. Da farko yakan manta kafin ya zagaye ƙafa ɗaya, hankalinsa ya tafi kan masu wucewa. Sai ya koma tsinken farko. A hankali hannu ya koya wa baki. Abin mamaki, in yana juya ƙafar keke shi kaɗai, kalmomi kan fito sumul, kamar su ma an sa musu mai.

Amma falo ba rumfa ba ne. Ranar da ya tsaya gaban iyalin, ga Baba a kujerarsa, ga Mama, ga yayye da mazansu, hannunsa ba komai. Ya ce, "Ya U... U..." Gumi ya jiƙa rigar da Zuma ta goge. Wani jariri ya yi atishawa. Agogon bango ya yi ta tafiyarsa. Daga ƙarshe Baba ya ce amin da kansa.

"Yaro, ba na ƙinka. Amma gidan da maigida ba ya iya buɗe baki gaban Allah, ba zan kai 'yata can ba."

Mama ta roƙa, fasto ya sa baki, Baba bai motsa ba. Mai Jita ya sayi sabon takalmi, yana shirin tsayawa a falon. Da daddare ƙugin bayan bango ya koma ƙasa-ƙasa, yana yankewa. Sai saƙonta ya shigo wayarsa.

"Sarkin Shiru, ba ni da dabara. Ko ɗaya."

"Ni ma, Zumata. Ina dai ɗaure tsinkaye."

Ba don yana sa rai ba ya ci gaba. Ya riga ya saba ne, har in ya yi shiru sai ya ji kamar ya bar ƙofa a buɗe.

Wata rana ƙafar tsohon keken Baba ta karkace, ya turo shi har rumfar. Mai Faci ya ba hanya baya, bai ji zuwansa ba.

"Ubangiji, Gwaggo, haƙorinta. Direba, birkinsa. Mai Jita, ka ba shi mace ta gari, amma wata dabam. Baba, gwiwarsa ta hagu. Baba kuma, kada ka bar ni in riƙe shi a zuciya. Zuma..." Ƙafar keke ta ci gaba da juyawa. "Ka sani."

Baba ya yi gyaran murya. Mai Faci ya zabura, sifana ta faɗi.

"Wa ya gaya maka zancen gwiwata? Ko uwarsu ban faɗa wa ba."

"Ya... ya... yadda kake ta... taka feda, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafar keken har ta tsaya da kanta.

"Kullum haka kake yi?"

Ya gyaɗa kai.

"Gyara mini wannan. In ka gama, ka turo manyanka."

Ranar aure, da fasto ya yi tambaya, kalmar ta sake maƙalewa. Zuma ta kama zoben da yake riƙe da shi, ta shiga juya shi a hankali, kamar ƙafar keke. Sai aka ji, "Na yarda." Mai Jita ne ya fara kaɗa jita, ko da yake fuskarsa ba ta yi daɗi ba. Baba ya ɗora musu hannu ya ce, "Ubangiji ya tsare shigarku da fitarku, ya sa kada bakinku ya bushe." Bai ƙara komai ba, har Mama ta ɗago ta dube shi.

Amarya ta tare a ɗakin hayar nan da dutsen gugarta. Da yamma mutanen gida na zaune a tsakar gida, sai ƙugi ya taso ta taga, yanzu murya biyu, siririya da mai kauri. Gwaggo ta karkata kai, ta daɗe tana saurare da hannu a kumatu.

"Wai ni kam, su waɗannan yaushe suke cewa amin?"