Akwatin da Ba a Sabuntawa

Ranar Talata ce, ƙarfe shida saura kwata na yamma. Aikina a kamfaninmu shi ne kula da ƙananan akwatunan da ke haɗa wayar tebur da intanet. Daga kujerata nake tura musu sabuwar manhaja, ba sai na taka gidan kowa ba.

Manaja ya leƙo da makullin mota a hannu. "Saura akwati ɗaya ba ka sabunta ba. In na zo gobe na tarar da shi haka, kada ka wahalar da kanka da zuwa jibi."

Akwatin na wani shagon ajiye nama ne da aka daɗe da rufewa. Dogo, wanda ya koya mini aiki, shi ya sa masa alamar a riƙa tsallake shi.

"Ƙanena, bar wannan," in ji shi yana saka takalmi. "Manaja baki ne da shi kamar rediyo, gobe ya manta."

"Yaya, aikina fa?"

"To, ni dai na faɗa maka."

Da ya fita na cire alamar, na tura sabuwar manhajar. Akwatin ya karɓa, ya mutu, ya sake tashi. Ƙa'idarmu ita ce a kira layin a tabbatar yana aiki. Na ɗaga wayar na kira.

Ko ƙara ɗaya ba ta yi ba aka ɗauka.

Kukan ƙudaje kawai nake ji, da wani yana tauna abu mai danƙo, a hankali, baki buɗe.

Sai wari. Warin naman da ya ruɓe a ɗaki mai zafi, yana fitowa ta ramukan wayar.

"Wa ya share mana ɗaki?" Murya ce ƙasa-ƙasa, cike da yawu.

"Ku yi haƙuri. Aiki aka sa ni."

"Mun fito. Ina za mu kwana?"

Wani ruwa mai ɗumi ya gangaro cikin kunnena. Na ja wayar, ta manne kamar an shafa mata kitse.

Da hannu ɗaya na lalubo tsohuwar manhajar, na tura, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Layin da ke nuna ci gaban turawar a allon kwamfuta yana jan ciki.

Wani abu ya motsa a kunnena. Ya ƙara shiga.

Na yi amai a kan cinyata.

Akwatin ya mutu. Wayar ta faɗi ƙasa.

Washegari Dogo ya je shagon. Ya tarar da akwatin cikin daskararren kitse, ɓeraye sun cinye wayar wutarsa tuntuni. Ni kuwa likita ya zaro tsutsotsi daga kunnena, ya tambaye ni ko a bola nake kwana.

Ba a kore ni ba. Kunnena na hagu bai sake ji ba.