Ni Ba Abokinka Ba Ne

"Me ka ce wa Baba?"

Auta ta faɗo sabon shagon da ake ja wa wayar wuta tana haki, mayafi na zamewa daga kafaɗarta. Mai wayarin ya sauko daga tsani da murmushinsa, murmushin nan da ya sa ta amsa masa aure tun bai gama iya Hausa ba.

"Gaishe shi na yi, zuciyata. Na durƙusa, na ce, sannu da aiki, Aboki."

"Aboki... Baban nawa?"

"Ba kalma mai kyau ba ce? Ke kika ce min aboki shi ne wanda ake so. Kuma kowa a layin haka yake kiransa."

"To ya ce manyanka kada su zo."

Murmushin ya ɓace. Ita kuwa ta juya da sauri, don kada ta yi kuka a gaban leburori.

Baba mai gyaran agogo ne. Tun kafin a haife ta yake zaune bayan akwatin gilashinsa a bakin kasuwa, a garin da kowace ƙabila ta zubo neman abinci. Waɗanda ba sa jin Hausa suka tsinci kalmar nan suka liƙa wa kowa: mai gadi Aboki, mai turin baro Aboki. Yaron da bai kai ɗan cikinsa ba sai ya ƙwanƙwasa gilashi da mukulli ya ce, "Aboki, gyara." Baba ya amsa, ya gyara, ya haɗiye. Amma ya ji ta a bakin mai neman 'yarsa? Nan tura ta kai bango.

A gida ta kasa zama. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta shiga ɗaki ta fito. Baba na kan kujera a tsakar gida ya rufe fuska da jarida, Yayanta kuma yana wanke babur yana dariya.

"Ba-Hausa ya yi ɓaranɓarama, ko?"

Haka gidan ke kiran duk mutanen saurayin, don wai in ka yi musu magana sai su ce, "Ba Hausa." Ita ma ta sha yin dariyar. Yau sai ta ji sunan ya soke ta.

"Yaya, yana da suna."

"Kai, Auta, wasa ne fa."

"Masu ce wa Baba Aboki ma wasa suke cewa. Laifi tudu ne, Yaya..."

Ba ta ƙarasa ba, don jaridar ta motsa. Amma Baba bai juya shafi ba.

Washegari ta kai wa Baba abincin rana. Tun daga nesa ta hango mai wayarin durƙushe gaban akwatin, cikin ƙurar kasuwa, mutane na ratsa shi suna kallo. Ta matso kusa ta tsaya.

"Na yi kuskure," yake cewa, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Ban san kalmar tana da ciwo ba. Ya kamata in sani... Ranar da na fara zuwa gidanku na ji ta taga an ce, ga Ba-Hausa nan. Na yi dariya, amma abin ya zauna min a ƙirji. Shi ya sa na dage na koyi gaisuwa, don a daina. Sai gaisuwar ta kashe ni."

Baba ya cire gilashin idonsa ya ajiye cikin agogunan. Ya dubi mai wayarin.

"Aboki tsara ne, yaro. Wanda kuka yi wasan ƙasa tare. Ni ba abokinka ba ne."

"To me zan ce?"

Baba ya nuna Auta da haɓa. "Ita me take ce min?"

Mai wayarin ya waiwayo ya gan ta rungume da kwano, hawaye na zuba. Sai ya juyo wajen tsohon.

"Baba."

"Na'am." Tsohon ya yi gyaran murya, ya kau da kai kamar mai jin kunya. "Kai kuma... wane suna uwarka ta sa maka?"

Ya faɗa. Baba ya gwada, harshe ya karye a tsakiya. Ya sake, ya fi na farko lalacewa, har Auta ta yi dariya cikin kuka.

Mai wayarin ya ce, "Ba komai, Baba, ko yaya ka faɗa..."

"A'a. Sake faɗa min a hankali. Manyanka za su zo, ba zan kira ɗansu da sunan da ba nasa ba a gabansu."