Fanke a Kejin Ɓeraye

A wata makaranta a garin Oyo akwai wata yarinya mai son dabbobi. Tana cikin ƙungiyar kimiyya, wadda Malama Oyinlola take jagoranta.

Wata rana malamar ta shigo da keji biyu. Kowanne da fararen ɓeraye huɗu. Tare da ita akwai Dakta Fagbenro, wani mai bincike daga Ibadan. Yara mata suka durƙusa suka gaishe shi, maza suka rusuna.

Dakta ya ce, "A cikin hanjin ɓera akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Sunansu bakteriya. Ku ma kuna da su."

Wani yaro mai barkwanci, Durojaiye, ya dafe ciki. "Sa, ashe baƙi nake ciyarwa! Shi ya sa ba na ƙoshi."

Kowa ya yi dariya.

Dakta ya ce, "Gaskiyarka. Abin da ka ci, shi suke ci. In ka ba su abinci mai kyau, sai su haɗa sinadarai masu gyara ciki."

Malama ta bayyana aikin. Ɓerayen jan keji za su ci abincinsu na kullum. Na koren keji za su ci dusa da wake. Duk Juma'a za a kai wa Dakta kashinsu ya auna. Bayan mako shida za su kai sakamakon gasar kimiyya a Ibadan.

Aka ba Durojaiye aikin auna abinci. Yarinyar kuma aka ba ta zuba ruwa da safe.

Tun ranar farko ta tausaya wa na koren keji. Ta shaƙi dusar, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Kai, bayin Allah! Wannan ne abincinku kullum?"

Mahaifiyarta fanke take soyawa, kuma tana sa mata uku a jaka kowace safiya. Yarinyar ta duba hagu da dama. Ta gutsuri ɗaya ta tura cikin kejin. Ɓerayen suka yi ca a kai. Wani ya riƙe nasa da hannu biyu kamar ɗan mutum.

Washegari ta sake. Rana ta uku ma haka. Har ta daina cin fankenta, sai ta ba su duka.

Bayan mako biyu ɓerayen suka yi ɓul-ɓul. Dusa kuwa sai su ture ta gefe.

Durojaiye ya ce, "Dubi wancan! Ya fi direban motar makaranta tumbi."

Yarinyar ta yi dariya tare da kowa.

A mako na uku Dakta ya zo da takarda, yana sosa kai.

Ya ce, "Ban gane ba. Masu cin dusa da wake ya kamata bakteriyarsu masu amfani su ƙaru. Amma raguwa suka yi. Sinadaran ma sun ragu. Wa yake auna abincin?"

Duk idanu suka koma kan Durojaiye.

Malama ta ce, "Duro, wasa ya yi maka yawa. Ka haɗa abincinsu da na jan keji, ko?"

"Ma, ban haɗa ba!"

"To wa ya yi? Ba za ka je Ibadan ba."

Durojaiye ya sunkuyar da kai. Ranar bai ba kowa dariya ba.

Da yarinyar ta koma gida, ta kasa cin tuwon amala. Mahaifiyarta ta ajiye ludayi ta dube ta.

"Ke, lafiya? Ga miyar ewedu da kike so."

"Mami, fanke yana ɓata ciki?"

"Nawa fanken? Wa ya ce? Kira min shi!"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗa mata komai.

Mahaifiyar ta tafa hannu. "Ashe ɓeraye nake tashi da asuba ina soya wa!" Ta danne dariyarta, sannan ta ce, "'Yata, kin yi kuskure. Amma barin ɗan mutane da laifinki ya fi muni. Gobe ki faɗa da bakinki."

Da safe yarinyar ta durƙusa gaban Malama da Dakta, a idon 'yan ƙungiya duka.

"Ma, ba Duro ba ne. Ni ce. Fanke nake ba su. Tausayinsu na ji."

Malama ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar farko, Ma."

Malama ta ja dogon numfashi. "Kin ɓata mana aikin mako uku. Daga yau ke za ki riƙa wanke keji, kullum." Sannan ta juya. "Duro, yi haƙuri. Na yi saurin yanke hukunci."

Yarinyar ma ta ce, "Duro, ka yafe min."

Ya harare ta. "Abin da ya fi min ciwo, kina da fanke kika ba ɓera, ni ina nan da yunwa!"

Har Malama sai da ta yi dariya.

Dakta kuwa idanunsa sun haska. Ya ce, "Ku tsaya. Aikin bai mutu ba. Yanzu mun san abin da mai da sukari suka yi musu. Mu daina ba su fanke, mu ga ko bakteriyar za su dawo."

Haka aka yi. Kwana biyu ɓerayen suna fushi da dusa, a na uku suka ci. Yarinyar tana wanke keji kowace safiya, ba ta taɓa yin latti ba. Duk abin da ta gani sai ta rubuta.

A Juma'ar ƙarshe Dakta ya shigo yana kaɗa takarda. "Sun fara dawowa! Sinadaran ma sun ƙaru!"

Yara suka yi ta tsalle.

A Ibadan, Durojaiye ya riƙe allon zane, yarinyar ta yi bayani. Ba ta ɓoye kuskurenta ba. Alƙalan gasa suka yi murmushi, suka yi mata tambayoyi, ta amsa. Makarantarsu ta zo ta biyu.

A mota, kan hanyar komawa, Malama ta tambaye ta, "Me kika koya?"

Ta ce, "Ma, in zan taimaka, in fara tambaya tukuna. In kuma na yi kuskure, in faɗi gaskiya da wuri, kada wani ya sha wahala saboda ni."

Malama ta dafa kafaɗarta. "Madalla. Ki riƙe wannan har girmanki."