Haruffa Biyu a Kan Ƙusa

Ranar Litinin da ƙarfe takwas da kwata Dakta Hambali ya buɗe akwatin ƙarfen da ake kulle magunguna masu haɗari a Asibitin Haihuwa na 'Yardada, a Soron Ɗinki. Ranar Juma'a kwalaben allurar mofin goma sha huɗu ya bari. Yanzu huɗu ya tarar. Ba a yi wa kowa tiyata ba a ƙarshen makon. Ya mayar da akwatin ya kulle, ya kira 'yan sanda.

Sufeto Mikail Ashafa ya bar babur ɗinsa a bakin lungu ya ƙarasa da ƙafa. Asibitin tsohon gida ne aka gyara. A zaure ake yankar kati. Ɗakin magani yana soro na biyu, tagarsa rufe da ragar waya, an bar 'yar kafa a ƙasa wadda yatsu uku ne kawai za su shiga, da wani ƙaramin aljihun katako da ake turo magani waje.

"Makullin akwatin nawa ne?" Mikail ya tambaya.

"Biyu," in ji Dakta. "Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Malam Nu'uman, mai ba da maganinmu. Ni tun yammacin Juma'a ina Zariya wurin taron likitoci. Jiya da la'asar na dawo."

Mikail ya karɓi lambar wanda ya shirya taron, ya kira a gabansa. Aka tabbatar.

Nu'uman mutum ne siriri mai tsafta, shekararsa tara a asibitin. Ya ce, "Ai ba sata aka yi a ɗakina ba, Yallaɓai. Da takarda na bayar."

A kan teburinsa akwai doguwar ƙusa a kafe jikin katako, takardun karɓar magani a soke a kanta, sabuwa bisa tsohuwa. Ya zare na sama, ya nuna ta ranar Asabar. Tambarin ɗakin haihuwa, sa hannun Sista Sa'adiyya, babbar nas. A tsakiya an rubuta MS, sai lamba 10.

"Mene ne MS?"

Dakta ne ya amsa. "Matsalar ke nan. Wasu in sun rubuta haka, morphine sulphate suke nufi, wato mofin. Wasu kuma magnesium sulphate, wanda muke yi wa mai ciki in ta kama jijjiga. Ɗaya yana ceton rai a ɗakin haihuwa. Ɗayan a kasuwar bayan fage ake nemansa."

"Kai wanne ka fahimta?"

"Mofin," in ji Nu'uman. "Bahijja, ƙaramar nas, ce ta kawo, tana ta haki. Na ɗauka tiyatar gaggawa ce."

"Ta ina ta ba ka?"

"Ta taga. Ba mai shigo min ɗaki."

"Ka tabbata?"

"Wallahi ta taga."

Mikail ya rubuta, ya sa shi ya sa hannu a ƙasan maganar.

A tsakar gida Dakta ya rage murya. "Dole in kai rahoto hukumar nas-nas kafin azahar ɗin gobe. In sunan Sista ya shiga, lasisinta ya tafi. Shekara ashirin da shida tana karɓar haihuwa a unguwar nan."

Sista Sa'adiyya tana wanke hannu lokacin da Mikail ya shiga ɗakin haihuwa. Ta dubi takardar ba ta taɓa ta ba.

"Sa hannun nawa ne. Rubutun ba nawa ba ne."

"Haruffa biyu ne, Hajiya. Ta yaya kika gane?"

"Saboda ba na rubuta su. Ina ɗaliba wata nas ta rubuta haka a asibitin da na yi horo. Aka yi wa mai jijjiga mofin. Ni na rufe mata ido. Tun ranar duk sunan magani cikakke nake rubutawa, da manyan baƙi, ko da jini yana zuba. Yarinyar da ta kawo min MS kuwa, a gabanta nake yagawa."

"To yaya sa hannunki ya hau wannan?"

"Ina sa hannu a fararen takardu biyu ko uku da ba a cike ba, in bari a durowa. Saboda in haihuwa ta zo ina masallaci ko ina gida."

"Wa ya sani?"

"Har mai shara."

"Ranar Asabar me kika nema?"

"Magnesium, goma. An kawo wata mata daga Jakara a Adaidaita, tana ta taune harshe. Ga ta can gado na uku tana shayarwa. Je ka tambaye ta ko mofin ne ya tashe ta."

Bai tambaye ta ba. Ya sa aka juye kwandon da ake jefa kwalaben da aka yi amfani da su. Goma ya ƙirga, duk magnesium. Babu ta mofin ko ɗaya.

Bahijja, ƙaramar nas, tana tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe gefen hijabinta.

"Malama, ke kika kai takardar?"

"Ni na kai, amma ba wannan ba. Wadda na kai Sista ta cika ta da rubutu har gefe."

"Sau nawa kika je taga ranar?"

"Sau ɗaya."

"Durowar da ake ajiye fararen takardu fa, kina buɗewa?"

"Kowa yana buɗewa, Yallaɓai. A ciki muke ajiye almakashi."

"Ke nan za ki iya karɓo magnesium da takardar gaskiya, ki koma ki karɓo mofin da ta ƙarya."

"Ni? Allah ya isa in na taɓa!" Idonta ya cika. Mikail ya jira ta gama, ya rubuta cewa ta musanta. Har lokacin bai cire ta daga lissafinsa ba.

Ya koma soro na biyu ya zauna a bencin masu jira, tsakanin wata tsohuwa da wani magidanci mai riƙe da fulas. Minti arba'in ya yi yana kallon taga. Mutum bakwai suka kawo takarda. Kowa sai ya ninke tasa biyu, ya sake ninkewa, sannan ya cusa ta kafar. Tsohuwar ta yi ƙoƙarin tura tata a miƙe, ta ƙi shiga.

"Ninke ta, Gwaggo," in ji Nu'uman daga ciki.

"Ku da wannan ramin ɓeran naku," ta ce. "Sai ka ce banki."

Mikail ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ce a kira Dakta da Sista.

Ya zare takardun kan ƙusar gaba ɗaya, na wata guda, ya shimfiɗa a kan tebur. Ɗari biyu da 'yan kai. Ya ware na Sista Sa'adiyya, sittin da uku. Babu wadda aka taƙaita sunan magani a cikinta.

"Wannan bai wanke ta ba," ya ce. "Mutum yana iya sauya hali rana ɗaya. Malam Nu'uman, ƙirga min magnesium ɗinka."

Nu'uman ya ƙirga. Goma ba sa nan.

"Ina takardarsu?"

"Wataƙila ta faɗi."

"Wataƙila. Dakta, ɗauki kowace takarda ka ga dama, ka ɗaga ta wajen haske."

Dakta ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga wata. Kowace da layin ninki a tsaye da a kwance. Mikail ya miƙa masa ta ranar Asabar. A miƙe take sumul, ban da hudar ƙusa.

"Tura ta ta kafar nan ba tare da ka ninke ba."

Dakta ya gwada. Ba ta shiga ba.

"Wannan takardar ba ta taɓa bi ta taga ba," in ji Mikail. "Da Bahijja ce ko Sista, dole ta ninku, don su daga waje suke. A cikin ɗakin nan aka rubuta ta, aka soke ta. Kuma kai da bakinka ka ce ba mai shigo maka ɗaki, ka sa hannu. Ka yaga ta gaskiyar, ka sa wannan a gurbinta don adadin ya dace da littafin ɗakin haihuwa. Da ka rubuta morphine cikakke, da Dakta ya gane rubutunka kafin ya kira ni. Haruffa biyu ba sa nuna hannun kowa. In abin ya tashi, a ce Sista ta yi sakaci, Bahijja ta ɓoye abin da aka ba ta."

Nu'uman ya zauna a kan kwalin ruwan ƙari.

"Ranar Lahadi na ɗauko farar a durowa, da na kai musu kaya," ya ce. "Bakwai suna cikin akwatin babur ɗina. Uku na yi wa Inna."

"Me ke damunta?"

"Ciwon daji ne, ya shiga ƙashi. Kwana huɗu tana ihu, maƙwabta suna ji. An ce sai mun koma babban asibiti an rubuta mata, ita kuwa ko juyawa ba ta iya yi."

Mikail ya rubuta yadda ya faɗa. Ya kira wani kofur daga ofis, ya sa ya buɗe akwatin babur ɗin Nu'uman. Bakwai ne.

"Shekara tara muna gaisawa, Nu'uman," in ji Sista Sa'adiyya. "Da ka buɗe baki, da ni zan kawo Dakta har ɗakinta. Sai ka ga wuyana ya fi sauƙin ratayawa."



Dakta ya ce sunanta ba zai shiga rahoton ba, amma za ta karɓi takardar gargaɗi kan fararen da take sa wa hannu. Ta ce ta cancanta. Aka fita da Nu'uman ta ƙofar baya, saboda matan da ke zaure.

Mikail yana ɗaure takardun da zare Sista ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Sufeto, wa ke wurin tsohuwar yanzu?"

"Ban sani ba. Ba ya cikin binciken."

"Gidan fa?"

Ya duba littafinsa. "Koki. Lungu na biyu bayan masu ɗinkin hula."

Ta juya. Ya ji tana gaya wa Bahijja ta kula da gado na uku, sannan ta ce wa Dakta ya ɗauko jakarsa.