Ruwan Doyar da Sailuba Ta Zuba a Binuwai

Wa ya aike ku? Mutum ya ci tuwonsa zai miƙe ƙafa, sai ku tasa shi gaba da tambayar abin da ba a faɗa da daɗin baki. Kai Muhyiddin, kai ka fara, don ka ga hoton jirgi a wayar ubanka. Wai me ya sa Gwaggonku Sailuba ta bar zaman ruwa, bayan ga iska ga kifi a banza. Kifi a banza! To ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa, kuma wanda ya katse ni zai ji hannuna.

Sailuba ni na haife ta a nan Lafiya, kuma ban haifi raguwa ba. Mijinta Ya'u ba shi da ɗaki a ƙasa lokacin da ya aure ta. Gidansa jirgi ne, dogo, na katako, mai inji a baya. An kafa rumfa a rabinsa an lulluɓe da tamfol, ciki akwai katifa da gidan sauro da akwatin kaya. Murhu kuwa rabin duro ne aka cika da yashi, don kada wuta ta ci katako. Sai su yi lodin gishirin Keana a Tunga, su gangara Binuwai har Makurɗi, har Loko, su hauro da banda da doya. Duk inda rana ta faɗi musu, nan ne gida.

Na ce mata kada ta je. Ta ce, “Inna, inda mijina yake nan zan zauna.” Taurin kaina ta ɗauko, ba zan zage ta ba.

Cikin wata biyu ta iya komai. Ta iya kwashe ruwan da ke tsatsowa ta ƙasan jirgi da yankakkiyar jarka. Ta iya tuƙi da filafili, ta iya wanka a tsugune, ta iya barci jirgi na lilo. A cikin jirgin nan ta yi goyon 'yarta Ikilima.

Akwai wani tsohon masunci Batibi, Orshi, da suke yawan ɗaure jirgi kusa da nasa. Shi ya koya mata dokar ruwa tun makon farko, da ya ga ta sauke tukunya.

“Madam, tsaya,” ya ce. “Ruwa mai zafi, ba a zuba shi a kogi. Ka sa a bokiti, ya huce. Ka buga jikin jirgi sau uku, ka kira Allah naka, sa'an nan ka zuba.”

“Saboda kifi, Baba?”

“Wane kifi? Akwai mutane a ƙasa. Su ma suna da pikin, yara ƙanana.”

Ta yi dariya, amma ta kiyaye. Shekara ɗaya da rabi tana kiyayewa.

Ranar da abin ya faru, mai ya ƙare musu a ƙasa da Makurɗi, wajen wani tsibirin yashi da ba su taɓa kwana ba. Ruwa ya fara janyewa lokacin. Ya'u ya kafa turke, ya ɗaure jirgi, ya ɗauki jarka biyu zai ratsa ta inda ruwa ya janye, ya taka neman mai zuwa wani ƙauye da ake hango hayaƙinsa.

“Kafin a kira salla na dawo,” ya ce.

“Haka ka ce a Loko, sai da na ci na wanke kwano.”

“To yau ki bar mini nawa da zafi, sarkin ƙorafi.”

Ya tafi. Ta fere doya ta ɗora. Ikilima tana wata biyar, tana bayanta, tana ta ƙananan kuka don zazzaɓin haƙori. Rana ta yi ja ta sauka kan ruwa. Sauro ya taso. Iska ta kaɗa wutar murhu ta lashi gefen tamfol, warin roba ya tashi. Ga doya ta dahu tana neman narkewa, ga yarinya na tsala ihu, ga bokitin cike da wankin da ta jiƙa.

A gidan nan ta tashi, inda ake tsiyaye ruwan doya a bakin rariya ba a tambayi kowa ba. Hannu ya riga hankali. Ta kama tukunya da tsumma, ta karkata ta a gefen jirgi, ta tsiyaye ruwan tas a cikin kogi. Ba ta buga ba. Ba ta yi bisimilla ba.

Tururi ya tashi.

Sai ta ji ƙara a ƙarƙashin ƙafarta. Ƙarar jariri, ta cikin katako, siririya, irin wadda ke fita kafin numfashi ya ɗauke.

Ta taɓa bayanta. Ikilima ta yi tsit.

Kwaɗin da ke ta kuka a bakin yashi su ma suka yi tsit. Ruwan da ke bugun jikin jirgi ya daina. Kogi guda, mai gudu, ya tsaya kamar an zuba shi a faranti. Wani wari ya taso, na taɓon da ke can ƙasa wanda rana ba ta taɓa gani ba, haɗe da ƙaurin fata.

Ta ajiye tukunya a hankali. Ta lalubi waya. Babu sabis ko ɗigo.

Jirgi ya karkata gefe ɗaya.

Yatsu ne a bakin jirgin. Huɗu, dogaye, farare kamar na wadda ta wuni tana wanki. Sai kai ya biyo baya. Mace ce. Gashinta ya kwanta a fuska yana zubar da ruwa. Wurin nan Ya'u ya zura gora ɗazu ba ta taɓa ƙasa ba, amma ita ruwan a ƙugunta ya tsaya.

Ɗaya hannun tana rungume da wani abu a ƙirjinta.

“Ke kika zuba?” Muryar a ƙasa take, kamar ana magana cikin tulu.

Da wata ce, da ta yi rantsuwar ƙarya. Sailuba ta ce, “Ni ce.”

“Ba a faɗa miki ba?”

“An faɗa mini. Na manta.”

Matar ta buɗe hannu. Yaro ne, bai fi Ikilima girma ba. Fatarsa toka-toka, mai santsi. Daga kafaɗa har gadon baya ta saɓule, ta yi fari, tana naso. Bakinsa a buɗe, kukan ya daina fita.

“Yana wasa a inuwar jirginku,” ta ce. “Inuwa kawai ya biyo.”

Sailuba ta waiga. Yashi yana nan taku uku daga hancin jirgi. Ta auna da ido. Ta san kafin ta kai, hannun nan zai riga ta. Ta kuma san ba ita ake nema ba, don idon matar ba a fuskarta yake ba. Yana kan ƙafar Ikilima da ke leƙowa ta gefen zani.

“Ina da magani,” Sailuba ta ce. “Man kaɗe. Da zuma.”

Idon matar bai bar ƙafar yarinyar ba.

“Mu da shi muke yi wa namu. Ba ni shi in shafa.”

Matar ta miƙo yaron. Sai ta tsaya.

“Hannunki ba zai sake ba da goyo. Sauke taki. In riƙe miki.”

Ta faɗa da taushi, kamar maƙwabciya.

Sailuba ta kama bakin majanyi. Matar ta matso, jirgi ya ƙara karkata, ruwa ya fara shigowa ta gefe. Sailuba ta ja majanyin ta ƙara masa ƙulli biyu, har sai da ya shige mata cikin nama.

“Da goyo nake daka,” ta ce. “Da goyo nake tuƙi. Kawo shi.”

Ta karɓe shi.

Sanyi gare shi kamar ƙanƙara, nauyi kuwa kamar buhun gishiri. Amma wurin ƙunar, da ta ɗora tafinta, wuta ce. Ta ji zafin ya ratsa ta har gwiwar hannu. Ba ta janye ba. Ta kwantar da shi rub da ciki a cinyarta, ta buɗe gwangwanin man kaɗe da haƙori, ta lakato, ta shafa. Ta tsiyaya zuma. Ta sake shafawa.

Duk inda hannunta ya bi, zafin sai ya bar shi ya shige ta.

Yaron ya ja numfashi. Ya yi kuka.

A lokacin ta ji wani abu mai sanyi ya bi ta gefen haƙarƙarinta.

Ba ta juya ba. Ta san mene ne.

Hannun ya zagaya bayanta. Ya kama ƙafar Ikilima.

Ya fara ja. A hankali.

Majanyi ya yi ƙara.

Sailuba ta ɗaga yaron sama, yana sheƙi da mai, yana zillo, ta miƙa shi can saman ruwa.

“Karɓi ɗanki,” ta ce. “Hannu biyu. Yana da santsi, in ya suɓuce maganin zai wanke, kuma ba ni da wani.”

Jan ya tsaya.

“Hannu biyu, na ce!”

Yatsun suka saki ƙafar. Waɗancan suka saki bakin jirgi. Jirgi ya koma daidai da ƙarfi, tukunyar doya ta kife. Matar ta tallafe ɗanta, ta duba bayansa, ta daɗe tana dubawa.

Can daga ƙauye aka ɗaga kiran salla, siriri, iska na yanka shi.

Ta fara nitsewa. Ruwa ya kai ƙirji, ya kai wuya.

“Ciwonsa yana hannunki,” ta ce. “Ranar da naki ya warke, nasa ya warke, mun rabu. In ciwon ya ci shi, na san ƙafar 'yar taki.”

Ruwa ya rufe. Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Ya'u ya dawo ya same ta a tsakiyar yashi, nesa da ruwa ta kowane gefe, a tsaye, ta ƙi zama. Tafin hannunta na dama ya tashi ya yi bororo har wuyan hannu. Ya ce tukunya ce ta ƙone ta. Ta kwance goyo ta nuna masa ƙafar yarinya, da shatin yatsu huɗu a jiƙe, ana gogewa suna sake jiƙewa. Nan ya yarda. Da suka kai wa Orshi labari, tsohon ya cire hularsa ya riƙe, ya ce su hau tudu, kada su waiwaya.

A Makurɗi suka sayar da jirgin, da injin da komai. Yanzu ga su nan kusa da mu a Azuba, shi yana sayar da banda a kasuwa, kifin da wasu suka kamo. Ya rame. Mutumin da ya saba farkawa a sabon gari kullum, yau bango huɗu. Gidan da ya kama ma sai da ta sa aka cike rijiyar da ke ciki da ƙasa kafin ta shiga.

Shatin ƙafar ya bushe bayan kwana arba'in. Hannun ne bai gama ba. Ya warke duka, sai wuri ɗaya a tsakiyar tafi, kamar faɗin ƙwayar gyaɗa. An kai ta asibiti, an yi allura, an yi na gargajiya. Shekara tara ke nan yana ɗanye. Wani watan ya tsuke har ta fara murna, wani watan ya buɗe, sai ta kwana zaune da yarinyar a cinya. Kullum in rana ta yi ja za ku gan ta a bakin ƙofa da gwangwanin man kaɗe tana shafawa a hankali, tana hura masa iska. Ba don kanta take yi ba. Jinyar ɗan wata take yi, don nata ya kwana a gida.

To kun ji, hankalinku ya kwanta. Ku tashi ku ba ni wuri. Kowa ya yi fitsari ya yi addu'a, kada in ji motsin kowa. Ke Ikilima, daina kallona haka, ba ki mutu ba. Ɗauko tabarmarki daga wajen randar nan. Nan za ki kwanta, bayana, ta jikin bango.