Kaskon Kwal a Rufin Gareji

A bakin garejin Mduduzi da ke garin eMalahleni suka ƙulla ciniki. Hlengiwe, mai aikin auna gurɓatar iska da tauraron ɗan'adam, tana so ta kafa na'ura a rufin Mduduzi makanike, don ta riƙa gwada abin da tauraron ya hango daga sama da abin da mutane ke shaƙa a ƙasa.

"Ni kuma me zan samu, 'yar'uwa?"

"Duk ranar da hayaƙin tashoshin lantarki ya yi yawa zan turo maka saƙo, ka hana mamarka fita. Tun daga titi nake jin tarinta."

Ya ce ya yarda, amma ba na'urar yake kallo ba.

Tauraron kan wuce da rana tsaka, saƙo ya biyo baya. Da fari, "Yau iska ba kyau." Kafin wata uku ya koma, "Sarkin baƙin mai, ka ci abinci?"

Sai ya ji ta kafa wata na'urar a gidan Sibonelo, malamin makaranta, wanda ubanta ya fi so ta aura. Mako biyu tana zarya can, ba ta leƙo gareji ba.

Ya rubuta mata: "Tawa ta mutu ne?"

"Taka lafiya lau take, masoyi. Tasa ce ke ba da lambobin banza."

Au, ashe haka ake samun baƙuwa! Ya hau rufi da kaskon kwal, ya hura shi a gindin na'urar kwana huɗu a jere.

Ran na biyar ta iso, ko gaisuwa babu.

"Tauraro ya ce unguwar nan fes take, na'urarka ta ce duk kun mutu. Saura ƙiris in miƙa rahoton ƙarya a kore ni! Me ka ƙona?"

Ya sunkuyar da kai. "Kwal. So nake ki zo."

Kwana goma ba ta kula shi ba. Ya wanke hannu, ya je ofishinsu, ya faɗa wa shugabarta abin da ya yi. Da yamma saƙo ya shigo: "Sakarai. Turo kawunnanka wurin Baba."

Uban ya yi ta gardama, uwar ta tanƙwara shi. Aka kai shanun aure, aka sha biki. Allah ya zaunar da su lafiya.

Mduduzi ya samu mata. Hlengiwe ta yi asarar awon kwana huɗu. Sibonelo kuwa, da har sabuwar kwat ya ɗinka dominta, shi ya tashi hannu wofi.